Kakar Sinawa ta Kuka, Tamu ta Kiɗa

Mutanen Karakkai, ina kuke ranar 23 ga Oktoba? Ba sai kun faɗa ba. Kuna gona. Gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, wake na bushewa a kunya, zafin agazari kuwa na gasa ƙeya har mutum ya fara zargin ko bazara ce ta yi mantuwa ta dawo ɗauka. To a wannan rana, ko washegarinta, kalandar manoman ƙasar Sin ke shelar cewa daskararriyar raɓa ta sauka. Da jin haka sai mawaƙansu na da su shimfiɗa tabarmar makoki. Sun fi shekara 2,000 suna wannan makoki a rubuce, kuma shi na ɗauko na kawo muku yau.

Na ji gunaguni daga kan benci. "Mi yak kai mu Sin? Mu da ko ƙanƙara sai mun aiki yaro ya sawo?" Sannu Kawu. Ai ba yau ka fara hulɗa da Sin ba. Tocilan ɗin da ke aljihunka, da wayar da kake sauraren tafsiri, da babur ɗin da ke kai ka Bungudu, juya kowanne ka duba inda aka ƙera shi. Gidan rediyonsu ma tun 1963 yake yi maka magana da Hausa. Ka karɓi ƙarfensu, ka karɓi robarsu, ba ka ce uffan ba, sai da aka zo kan waƙa ka tuna akwai nisa?

Bari in fara da abin kansa, don na ga Alhaji mai shago ya ɗaga gira, wai ƙirƙira ce. Ba ƙanƙarar da ke zubowa da hadari tana fasa ganyen masara ba ce, ba kuma dusar ƙanƙarar da kuke gani a talabijin ba. Dare ne zai yi garau, ba gajimare, iska ta kwanta. Ƙasa ta saki zafin da ta sha da rana, ba abin da zai tare shi, har ciyawa da rufin ɗaki su yi sanyin da ya gangara ƙasa da sifili. Laimar da ke cikin iska tana taɓa su sai ta daskare nan take, ba ta ko tsaya zama ruwa ba. Alhaji, buɗe firizarka, in an yi sa'a an kawo wuta jiya, ka dubi farin nan da ke manne a jikin bango: shi ne. Sai ka ƙaddara an wayi gari ya lulluɓe fili tun daga Karakkai har gindin Dutsen Kwatarkwashi. Wanda ya riga kowa fita sawunsa zai fito baƙi a kan farin, ɗaya bayan ɗaya, har bakin rijiya. Hantsi na ɗagawa ya narke, kamar ba a yi ba. Sai dai ganyen kabewa da na wake ba su sake miƙewa. Sun yi baƙi, sun langaɓe. A dare guda yake gama aikinsa, ba tsawa ba walƙiya. Wanda ke son gani da idonsa ba sai ya nemi biza ba, ya hau duwatsun Azbin a tsakiyar ɗari.

Sinawan da sun ɗauka daga sama take saukowa, shi ya sa suka ba ta gurbi a kalanda a matsayin baƙuwar da ake jira. Sun raba shekarar rana gida 24, kowanne kwana 15 ko kusa da haka, gwargwadon tafiyar rana. Wajen 7 ga Satumba raɓa ta fara yawa, wajen 8 ga Oktoba ta yi sanyi, 23 ga wata ta daskare. An jera gidajen nan cif a littafin Huainanzi da aka miƙa wa sarki a shekara ta 139 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa lissafin cikin kayan gadon duniya. Kada wannan ya ba ku mamaki, ku da malamin ƙauyenku ke ƙirga taurari 28, kowanne kwana 13, ya ce muku Sarfa ta kama, ko Simaku ta fita. Su ma Sinawa gida 28 suka yanka wa wata a sararin sama. Bambancin dai su sun ƙara gishiri. Kowane gida sun sake tsaga shi uku, kwana biyar-biyar, da alamarsa. A tsakiyar Oktoba, in ji tsoffin littattafansu, ƙananan tsuntsaye kan faɗa teku su rikiɗe su koma kifin kwanso. Sun ga tsuntsaye sun ɓace, sun ga kwanso ya yawaita a gaɓa, suka haɗa biyu da biyu suka sami bakwai. Yi dariyarka, Kawu. In ka gama, ka gaya mini daga ina kakarka ta ce kwaɗin farkon damina ke faɗowa.

Tsohon kundin waƙoƙinsu, Shijing, waƙa 305 ne, waɗansu sun kai shekara 3,000, kuma tun a cikinsa raɓar nan ta fara aiki: mai bege yana bakin kogi da sassafe, wanda yake nema yana ƙetare, ba hanyar isa. Amma wanda ya mayar da kaka lokacin baƙin ciki na dindindin shi ne Song Yu, bafaden ƙasar Chu a ƙarni na 3 kafin Annabi Isa. Ya haɗa zubar ganye da halin malamin da fada ta juya wa baya, aka ga abin ya zauna, kowa ya bi sahu. Da aka zo daular Tang, wadda ta kafu a 618, shekara huɗu kafin Hijira, ta faɗi a 907, abin ya zama kamar farilla. Kundin waƙoƙin Tang da Sarki Kangxi ya sa aka fara tattarawa a 1705 ya tara waƙa kusan 49,000 na mawaƙa fiye da 2,200, kuma da wuya ka yi nisa a cikinsa ba ka taka raɓa ba.

Nan ne Kawu ya buga ƙafa. "Wa ka kuka da kaka in ba raggo ba? Wanda bai yi noma ba shi ka ganin baƙin kaka!" Wallahi wannan tambaya ta fi duk abin da ka faɗa tun safe, kuma a kanta duk zancen ya rataya. A wurinmu kaka ita ce sallar talaka. Rumbu ya cika, an biya bashin damina, an sa ranar aure, kalangu ya tashi a dandalin dambe, 'yan kokawa sun ɗaura warki. Tun da dogo ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kaka ce lokacin da kaɗa da gyaɗa ke komawa tsabar kuɗi. Su ma manoman Sin murna suke yi da girbi, ba mahaukata ba ne. Sai dai ba manoman ne suka rubuta waƙoƙin ba. Ma'aikatan gwamnati ne, da masu neman zama ma'aikata.

Ka dubi rayuwar irin wannan mutum. Ya kwashe ƙuruciyarsa yana haddar littattafai don ya ci jarrabawar shiga aikin sarki a Chang'an, birnin da yau ake kira Xi'an. Har waƙa ake sa shi ya tsara a ɗakin jarrabawar. Fiye da mutum dubu za su zauna, da ƙyar 30 su tsallake. In ya faɗi, ga shi a birnin da ba nasa ba, guzuri ya ƙare, kunya ta hana shi komawa. In ya ci, doka ta hana a ba shi mulkin yankinsu, sai a cilla shi wata uwa duniya, tafiyar watanni a kan jaki da kwalekwale, bayan 'yan shekaru a sake cilla shi gaba. In ya yi wa sarki maganar da ba ta yi daɗi ba, a tura shi kudu inda zazzaɓi ke cin mutane. Mutumin da ke wannan hali ba shi da rumbun da zai leƙa ya ji sanyi a ransa. In ya buɗe ƙofar masauki da asuba ya ga ƙasa ta yi fari, abin da ya gani shi ne wata shekara ta sake wucewa, ba girma, ba gida, tsohuwa na can tana ƙara tsufa. Har ƙirgan shekaru suke yi da ita, a ce wane ya yi raɓa goma a baƙon gari, yadda mu muke ƙirgawa da damina.

Yanzu juyo ka dubi namu. A zamaninsu, Narambaɗa yana fadar Sarkin Gobir na Isa. Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo suna bin sarakuna. Ɗan Anace yana bayan Shago a fagen dambe. Yaushe makaɗi ke samun doki da riga da dammunan hatsi? Yaushe ake bukukuwan da zai kwana yana kiɗa? Da kaka. To don Allah ta yaya mutum zai yi wa lokacin cin kasuwarsa waƙar makoki? Ku tambayi Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ɗan gida ne, ya ƙarar da shekaru yana bin diddigin makaɗan nan, ya rarrabe na fada da na maza da na sana'a. Kowane rukuni da ubangidansa, kuma bakin makaɗi yana kallon inda tuwonsa ke fitowa ne. Mawaƙin Sin shi kaɗai yake zaune da alƙalamin gashi da tawada, yana rubuta wa abokinsa da aka tura wata jiha. Namu yana tsakiyar taro, 'yan amshi a bayansa, mai gayya a gabansa. Sanyin da ya sauka a kansu ba shi ya raba su ba. Mai biya ne ya raba su.

Malam na zaure ya yi gyaran murya, na san inda ya nufa: mutanen nan ba Musulmi ba ne, kuma an ce mawaƙinsu Li Bai mashayi ne. Gaskiya ne, Allah gafarta Malam, ya sha, bai kuma ɓoye ba. Amma wane ne wancan da kuke biya wa manyan almajirai bayan la'asar, wanda ya tsaya a kufai yana kukan masoyiyar da ta yi ƙaura? Ba Imru'ul Ƙaisi ba ne? A wane masallaci ya yi limanci? Kun karanta shi don harshe da hikima, kun bar masa halinsa. Ƙasar da 'Yandoto ke cikinta, garin da malamai suka yi suna tun kafin jihadi, ba ta kamata ta ji tsoron takarda don ta fito daga gabas mai nisa ba.

Shi Li Bai ɗin, wanda aka haifa a 701 ya rasu a 762, yana da wata 'yar waƙa mai baƙaƙe 20 kacal, wadda kusan duk yaron da ya shiga makaranta a Sin ya haddace. Labarin matafiyi ne da farin wata ya ruɗa cikin dare har ya zaci raɓa ce ta daskare, daga nan tunanin gida ya taso masa. Shi ke nan. Na ga Alhaji ya taɓe baki, wai wannan ai ko yaron shagonsa zai iya. Bismillah, ga takarda. Abin da ya sa ta yi shekara 1,200 ba ta mutu ba shi ne mai sauraro ya riga ya san abin da farin nan ke nufi, mawaƙi bai buƙaci ya yi bayani ba. Kalma ɗaya ta ɗauko sanyi, da nisa, da tsufa, ta aje a gabanka.

Tsufa kuwa shi ne aikinta na biyu. Furfurar da ke fara fitowa a gefen kunne, ita ma raɓa suke ce mata. Su Shi, babban mawaƙin daular Song, matarsa Wang Fu ta rasu a 1065. Bayan shekara goma, a 1075, yana aiki a Mizhou, nesa da kabarinta, ya yi mafarkinta, ya tashi ya rubuta waƙar da har yau ake sa ta a sahun gaba na marsiyyoyinsu. Abin da ya fi cin ransa a ciki shi ne ko da za su haɗu ba za ta gane shi ba, don kansa ya yi fari. Kawu, daina shafa gemu, ba da kai nake ba.

Aikinta na uku ba na wasa ba ne. Tunda raɓa ce ke kashe tsiro, sai masu mulki suka ce lokacinta ne ya dace hukuma ta yi kisa, don a yi tafiya daidai da tsarin sama. Ba a son zartar da hukuncin kisa lokacin da ganye ke tohowa. A jira kaka. A 1459 sarkin daular Ming ya kafa doka cewa duk shekara, bayan saukar raɓa, manyan alƙalai da hakimai su zauna su sake duba shari'ar waɗanda ke jiran takobi. Ofishin masu bin diddigin ma'aikata, wanda kowane gwamna ke jin tsoro, da sunan raɓar ake yi masa laƙabi. Akwai kuma tsohon labarin Zou Yan, masanin da aka ɗaure bisa ƙage, ya ɗaga kai sama ya yi kuka, raɓa ta daskare a tsakiyar zafi don shaida an zalunce shi. Saboda haka in mawaƙinsu ya ambaci farin safiya, wani lokaci ba yanayi yake nufi ba, fada yake yi wa habaici. Ku da kuka san yadda makaɗin fada ke zagin ɗan sarki da sunan wata dabba, ba sai an yi muku fassara ba.

Wurin da na fi so shi ne na mata. Sojan Tang da aka tura tsaron iyakar arewa, sau da yawa daga gida ake aika masa da tufafin sanyi. Da kaka ta yi nisa sai matan gari su fito da ƙyalle, su shimfiɗa a kan faffaɗan dutse, su dinga bugu da sanduna don ya yi laushi kafin a ɗinka, a cusa masa abin ɗumi, a ba ɗan aike. Galibi da dare ake yi, a farin wata, bayan an gama aikin gida. Wanda ya taɓa wucewa ta rumfar 'yan bugu a Kano, kusa da karofin Ƙofar Mata, ya san sautin: biyu na sauka biyu na tashi, ba mai karo da wani. To a ce gari guda ne ya ɗauka, gida-gida, kowace mace tana bugun rigar mijin da ba ta da tabbacin yana raye. Mawaƙan Tang sun yi ta komawa kan wannan sauti, kuma ban ga laifinsu ba. Har yau akwai ranar da Sinawa ke ƙona tufafin takarda, ɗaya ga watansu na goma, wai don mamatansu su samu abin rufa.

Inna da ke bayan zana ta ce ita wannan ta gane shi. Dole ki gane, Inna. Ana gama ɗaure dawa samarin gidan za su saɓa jaka, wannan Legas, wancan Fatakwal, wani Abuja tura baro ko yankan farce, sai shamuwa ta dawo a sake ganinsu. Cin rani ke nan, kuma ke kike ƙulla musu ƙuli-ƙuli da yaji a leda. Su Sinawa dinyar daji ce agogonsu: in sanyi ya taso sai ta yi jerin gwano ta nufi kudu, matafiyi ya bi ta da ido don ta fi shi 'yanci. Har suka mayar da ita ɗan aike, saboda labarin Su Wu, jakadan da mutanen Xiongnu suka riƙe shekara 19 yana kiwon tumaki. Da aka zo nemansa suka ce ya mutu, sai wani jakadan ya shirga musu ƙarya cewa sarki ya harbo dinya da wasiƙar Su Wu ɗaure a ƙafarta. Suka tsorata, suka fito da shi. Tamu shamuwar in damina ta ƙare tana tsallaka tsakiyar duniya ta nufi kudancin Afirka, kuma da "ga shamuwa, ruwa ya kusa", mun fi yi mata maraba da zuwa fiye da rakiya.

Kada ku ɗauka ku kaɗai ne masu gardama. Sin ma tana da benci. Zhang Ji, a ƙarni na 8, ya kwana cikin kwalekwale kusa da wata gada a bayan birnin Suzhou, barci ya ƙi zuwa, ya yi waƙar da ta ambaci ƙararrawar wurin ibada na Hanshan da tsakar dare. Bayan kusan shekara 300 sai babban malami Ouyang Xiu ya ce baitin ya yi daɗi, amma ba mai kaɗa ƙararrawa a wannan lokaci. Waɗansu suka taso masa, suka ce a Suzhou ana kaɗawa, sun ji da kunnensu. Waɗansu kuma suka kama wani wurin, wai ya sa raɓa a sararin sama alhali a ƙasa take kwana. An yi ƙarnoni ana wannan ja-in-ja a kan layi huɗu. Da Ouyang Xiu ɗan Tsafe ne, da shi za a ba kujerar tsakiya a majalisar mai shayi.

Akwai ma waɗanda suka goyi bayanka kai tsaye, Kawu. Liu Yuxi, wanda aka haifa a 772, ya sha kora daga fada fiye da shekara 20, amma ya ce shi bai ga abin kuka a kaka ba, ta fi masa lokacin toho. Du Mu, wanda ya rasu a 852, ya tsayar da keken dokinsa a kan dutse don kallon ganyen da sanyi ya mayar ja, ya fifita shi a kan fure. Sai kuma furen nan da suke kira ju, wanda ba ya buɗewa sai sauran furanni sun zube. Tao Yuanming ne ya ɗaukaka shi. A shekara ta 405 aka ba shi hakimcin Pengze, ya yi kwana 80 da 'yan kai, aka ce ya yi shiga ya je ya rusuna wa wani mai duba aiki, ya ce albashin bai kai ba, ya aje hatimi ya koma gona. Tun daga nan furen da ke tsaye bayan raɓa ya zama alamar mutumin da bai sayar da kansa ba. Manomansu ma sun san kabejin da sanyi ya daka ya fi zaƙi, don tsiro kan mayar da abincin da ya tara sukari ya kare kansa daga daskarewa.

To ku da kuke da gawo fa? Itacen da ke tsaye tsirara duk damina, kowa na kore shi yana fari, sai ruwa ya ɗauke, kuka ta zubar da ganye, sannan ya yi lif, ya ba awaki abinci, ya ba gona taki. Da a bakin Rawayen Kogi gawo ya tsiro, da yanzu waƙoƙinsa sun cika ɗaki, da kowane ma'aikacin da aka kora ya zana shi a bangon zaurensa. Yana nan a gonarka, Kawu, kai ko sannu.

Damina ta samu rabonta a wurin marubutanmu. Duk wanda ya yi Hausa a makaranta ya san Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali. Hunturu ne aka yi wa rowa, alhali ba abin da ya rasa. Ƙurar da ke shiga idonku a Disamba daga Bodele ta taso, a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, kuma wadda ta wuce ku takan ƙetare teku har Kudancin Amurka. Ku dubi asubar Janairu a Karakkai. Ladan ya kira salla muryarsa na rawa. Buta ta kwana a waje, mai alwala ya tsoma yatsa ɗaya ya janye, ya tsaya yana shawara da zuciyarsa. Yara sun kewaye wutar kara, gaba na ƙuna baya na daskarewa, kowa ya cusa hannu a hammata. Dattijo ya miƙe ƙafa yana cusa man kaɗe a faso, yana cije leɓe. Rana ta fito jawur, ba zafi, har kana iya kallonta ido da ido, Kwatarkwashi kuwa hazo ya haɗiye shi ɗungurungum. A wannan sanyin ne alkamar Bakalori ke yin ido, albasa ke yin kai. Duk wannan, iyakar abin da muke cewa shi ne "ina sanyi?", a ce "lokacinsa ne", a wuce.

Na bar Du Fu a ƙarshe da gangan, don a kansa wasan ke raguwa. An haife shi a 712. Ya zauna jarrabawa bai ci ba. Da ƙyar ya sami ɗan ƙaramin muƙami a 755, ya je ganin iyalinsa ya tarar yunwa ta kashe ƙaramin ɗansa. A ƙarshen shekarar nan Janar An Lushan ya yi tawaye, yaƙin da bai lafa ba sai 763. Ƙidayar 755 ta nuna mutum kusan miliyan 53, ta 764 ta nuna kusan miliyan 17. Ba duka ne suka mutu ba. Da yawa gudu suka yi, suka ɓace daga littafin haraji. Du Fu na cikin masu gudun. 'Yan tawaye sun tsare shi a Chang'an, ya sulale, ya ja iyalinsa daga gari zuwa gari. A Chengdu ya yi bukkar ciyawa, iskar kaka ta 761 ta yaye rufin, ruwa ya kwana yana zuba a kan yaransa. A Kuizhou, a 766, ya tsara jerin waƙoƙi takwas na kaka waɗanda masana da yawa ke ganin waƙar Sinanci ba ta wuce su ba. A wurinsa sanyin kaka ba kwalliyar baiti ba ce. Tambaya ce ta wa ke da bargo, wa ke da rufi, wa aka bari a hanya.

Na ga bencin ya yi tsit. Ai kun san dalili. Shekarun nan a Zamfara akwai ƙauyukan da manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe abin da ya shuka da hannunsa, akwai rumbunan da aka cinna wa wuta, akwai matan da hunturu ke samu a kangaye da bakin tasha a Gusau da Tsafe, da goyo, da zane ɗaya. Kakar da Kawu ya ce raggo kaɗai ke kuka da ita, yanzu jarumai na kuka da ita. Mutumin da ya rasu a 770 cikin kwalekwale a kogin Xiang, bai taɓa jin sunan Bungudu ba, ya fi kusa da waɗannan mata fiye da yawancin abin da ke fitowa daga situdiyoyinmu.

Saboda haka ga ƙalubale, samarin Gusau masu makirfo da fiyano. Kun yi wa masoyiya, kun yi wa ɗan takara, kun yi wa amarya da ango har da ƙanwar ango. A yi wa hunturu guda ɗaya, da gawonsa da fasonsa da ɗan cin ranin da bai dawo ba. Kawu ya ce, "To wa ka biya?" Ka ga, ka dawo kan maganata da bakinka. Du Fu ma ba wanda ya biya shi. Waƙoƙinsa kusan 1,400 da suka tsira sai bayan ransa aka san darajarsu. Kawu ya ce in haka ne a bar wa Sinawa kayansu, shi bai ga ɗan da zai ba wannan shawara ba. Ni dai na sa tiya biyu ta gero ga wanda ya fara. Alhaji mai shago, kai da ka ce yaronka ma zai iya, nawa ka sa?